Rediyo Ya Koma Aji

A duk faɗin makarantar babu wanda bai san malamin Turanci na manyan azuzuwa ba. Yara sun laƙaba masa suna Rediyo, kuma ya sani sarai, bai dai taɓa nuna ya ji ba. In ya shiga aji ya ajiye jakarsa a kan tebur, to baki ya buɗe ke nan sai an kaɗa ƙararrawa. Wani lokacin ma sai malamin lissafi ya yi ta gyaran murya a bakin ƙofa kafin ya samu a sakar masa ajin. Murya gare shi mai kauri, ga dariya mai cika ɗaki, ga iya kwaikwayon mutane. Ya fi shekara ashirin a haka, kuma a ganinsa koyarwa ke nan.

Wata safiya yana ɗaura agogo zai fita, hannunsa na dama ya ƙi. Ya juya zai kira matarsa, sai ya ji abin da ya fito daga bakinsa ba magana ba ce. Likita ya ce hawan jini ne ya taɓa masa ɓarin jiki. Ya yi makonni a gadon asibiti, ya yi watanni yana zuwa ana yi masa gashin jiki. Ƙafar ta dawo, amma da sanda. Hannun ya dawo rabi, yana riƙe kofi, ba ya riƙe biro. Bakin ne ya fi ba shi wahala. Maganar tana nan a kansa tsaf, a jere, amma kafin ta iso harshe sai ta watse, wata kalmar ta maƙale, wata ta fito a madadin 'yar uwarta.

Ranar da ya koma makaranta, Shugabar makarantar ta taso da kanta ta jawo masa kujera. Shi ya karɓe ta ranar da ta fara aiki tana 'yar yarinya, shi ya nuna mata inda ake ajiye alli, don haka maganar ta yi mata nauyi.

"Malam, ɗakin karatu yana neman mai kula da shi," ta ce, tana kallon tebur. "Ga fanka, ga kujera mai laushi, babu hayaniyar yara."

"Aji," ya ce.

"Na ji, Malam, amma ka san yadda yaran nan suke."

"Aji. Ɗaya."

Ta juya biro a hannunta. Sannan ta gaya masa gaskiya: ofishin ilimi zai turo sufeto kafin ƙarshen zango, ya duba ko Malam zai iya ci gaba, ko kuwa a sallame shi ya je ya huta. Kafin nan akwai ajin ƙarshen baranda, kusa da tankin ruwa, waɗanda malamarsu ta tafi hutun haihuwa. 'Yan ajin ƙarshe ne, jarrabawar fita na gabansu, kuma su ne waɗanda aka tattara wuri ɗaya don ba a sa ran komai daga gare su.

Ya ɗaga kai, alamar ya yarda.

Ajin ya cika maƙil, tagogi biyu ba su da gilashi, allon ya yi fari-fari don tsufa. Da ya shigo yana dogara sanda, yaran suka miƙe suka gaishe shi, sannan suka yi tsit suna jiran Rediyon da suka saba jiyowa ta bango. Ya shirya abin da zai faɗa tun a gida, ya maimaita shi a gaban madubi. Ya dubi yarinyar da ke kujerar gaba, ya miƙa hannun hagu.

"Miƙo min... cokali."

Alli yake nufi. Ya ji kalmar ta fita, ya san ba ita ba ce, amma ta riga ta fita. Wani ya fashe da dariya a baya, sai ajin ya ɗauka gaba ɗaya. Wani dogon yaro mai tsinin haɓa, wanda ake kira Lauya saboda ba a taɓa gama musu da shi ba, ya ce da ladabin ƙarya, "Malam, na shayi ko babba?"

Malam ya janye hannunsa. Ya ɗauki allin da kansa, ya juya ga allo, ya rubuta da hagu, baƙaƙen suna karkacewa kamar na ɗan aji ɗaya. Da Turanci ya rubuta: Me ke sa ɗalibi ya makara? A ƙasa ya ƙara: Sakin layi ɗaya. Ya zauna, bai sake buɗe baki ba har aka tashi.

Da la'asar ya baje takardun a kan tabarma a tsakar gida. Matarsa, wadda unguwa ke kira Mama Tela, tana kan kekenta tana ɗinkin kayan makarantar wasu yara. Ya karanta ta farko, ya karanta ta biyu, ya dafe kai. Ba kuskuren nahawu ne ya dame shi ba, wannan ya saba da shi. Rubutun ne ba kai ba gindi. Yaro zai fara da makara, ya faɗa maganar ƙwallo, ya dawo kan ruwan sama, ya ƙare da addu'a ga malamai. Akwai wata takarda da ta fi kowace cika, gaba da baya, babu aya ko ɗaya sai a can ƙarshe. Ta yarinyar kujerar gaba ce, wadda ake kira Aku don surutu. Amma a cikin tarkacen akwai abubuwa masu rai, yarinyar tana da ido.

A da, da ya shiga aji ya kwashe darasi guda yana bayani: jimlar farko ita ke ɗauke da kan magana, na tsakiya su kawo hujja, ta ƙarshe ta rufe. Da ya kawo misali, ya yi barkwanci, yara su yi dariya su tafi. Yanzu wannan bayanin ya fi ƙarfin bakinsa.

Idonsa ya sauka kan almakashin da ke gefen keken ɗinki. Ya miƙa sanda ya jawo shi.

"A'a, Malam, ajiye min," in ji Mama Tela ba tare da ta tsayar da keken ba. "Almakashin yadi ba ya cin takarda. Dakushe min shi za ka yi."

"Tsoho," ya ce. "Akwai... tsoho."

Ta tashi tana mita ta lalubo tsohon a cikin gwangwanin maɓallai. Ya nuna mata kwalin da aka kawo mata zare a ciki, ya nuna takardar Aku, ya yi ta nuni da hannu har ta gane: so yake ta kwafe kowace jimla a kan dogon kwali daban, da manyan baƙaƙe, yadda na bayan aji zai gani.

"Ni da na rabu da Turanci tun kafin a haifi babban ɗanmu," ta ce. "Yau kuma ni ce sakatariya. Nawa ne albashin?"

Ya yi dariya, dariyar da ta karkace gefe ɗaya tun ciwon. Ta zauna kusa da shi ta ɗauki maka, wato biro mai kaurin baki, shi yana sa yatsa a kan jimla yana gyara kuskuren, ita tana rubutawa, harshe a waje kamar mai zura zare a allura.

Washegari ya shiga aji da kwalaye a hammata. Ya nuna yara da sanda, ɗaya bayan ɗaya, suka fito gaba, ya ba kowa kwalinsa. Ya rubuta a allo: Ku jeru. Waye farko?

Da farko sun tsaya suna kallon juna. Sai aka fara karanta kwalayen da ƙarfi. Ɗaya na cewa gadar katakon unguwa tana nutsewa. Ɗaya na cewa motocin haya ba sa shiga saboda taɓo. Wani na cewa dole a zagaya ta bayan kasuwa. Wata yarinya mai jin kunya tana riƙe da wanda ke cewa zuwa makaranta yana da wuya in an yi ruwan sama. Lauya kuwa nasa cewa yake kyanwar gidansu ta haihu a cikin kwandon wanki.

Lauya ya tafi kai tsaye ya tsaya a farkon layi.

"Kai, koma baya," in ji wani daga cikin aji. "Ya za a fara da kyanwa?"

"Ni na fi kowa tsawo, kuma labarina ya fi daɗi."

"Ba tsawo ake bi ba. Waccan ce farko, ita ta faɗi abin da ake magana a kai."

Aka tura mai jin kunyar gaba. Aka yi gardama kan gada da mota, wace za ta riga, har wani ya ce ai sai gada ta nutse kafin a zagaya, to mai zagayen ya bi bayan mai gada. Malam yana zaune a gefe, in an yi daidai sai ya buga sanda a ƙasa sau ɗaya. Abin da ya saba kwashe awa yana faɗa, ga shi yara suna faɗa wa junansu da bakinsu, har da jijiyar wuya.

Lauya ya gwada tsakiya, aka kore shi. Ya gwada ƙarshe, aka kore shi.

"To ni ina zan tsaya? Malam ne fa ya ba ni."

"Ba ka da wuri," in ji mai jin kunyar, a hankali. "Kyanwa ba ta sa mutum ya makara."

"In ta haihu a kan rigar makarantarsa fa?"

Ajin ya kwashe da dariya, Malam ma ya murmusa, ya nuna masa kujera. Lauya ya koma yana ɗaga kwalinsa sama kamar wanda aka zalunta.

Saura kwali ɗaya da ba a karanta ba, na wani ƙaramin yaro a ƙarshen layi. Ya ɗaga shi. Cewa yake: takalmina ɗaya ne, in ya jiƙe sai in sa na ƙanena.

"Af, wannan ai rubutun Aku ne," in ji wata. "Su ne masu kyanwa."

Idanu suka juya, ba fuskarta aka kalla ba, ƙafarta aka kalla. An yi ruwa da asuba. Takalmin da ke ƙafarta na maza ne, diddigenta ya leƙo ta baya. Ta janye ƙafafun ƙarƙashin benci. Ba a yi wata babbar dariya ba, 'yar ƙus-ƙus ce kawai, amma ta isa. Aku ta kifa kai a kan tebur, ba ta ɗago ba har aka kaɗa ƙararrawa. Washegari kujerarta babu kowa. Haka jibi.

Abin ya tsaya wa Malam a rai. Shi jimloli ya gani a takardar, ya manta akwai yarinya a bayansu. Ran Asabar da hantsi ya sa Mama Tela ta raka shi, suka ɗauki tasi zuwa unguwar su Aku. Gadar katakon tana nan yadda aka rubuta ta, sai da direba ya ajiye su suka taka, yana dogara sanda, tana riƙe da gwiwar hannunsa.

Mahaifiyar Aku tana da shagon wanki da guga. Ɗaki ne ƙarami, zafin dutsen guga ya cika shi, riguna a rataye har rufi. Yara sun fi a ƙirga da kallo ɗaya, wani na kuka, biyu na faɗa kan murfin kwalba, babban yaya yana waya da ƙarfi a bakin ƙofa. Aku tana ninke zannuwan gado. Da ta ga Malam ta daskare.

Uwar ta rikice, ta share kujera da gefen zaninta. "Malam da kansa? Wani abin ta yi ko? Ai na ce mata bakin nan nata zai ja mata."

"Ba ta yi komai ba," in ji Mama Tela. "Shi ne dai ya zo ya..."

Malam ya ɗaga mata hannu. Wannan maganar tasa ce. Ya dubi yarinyar, ya tattaro kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

"Na yi... kuskure. Rubutunki ne. Ban... tambaye ki ba. Ki yafe ni."

"Haba Malam, kai da 'yarka," in ji uwar. "Ina aka taɓa haka?"

Aku tana ta murza gefen zanin gadon. Sai da uwar ta fita raba masu faɗa, Mama Tela ta bi ta da hira, sannan ta yi magana, murya ƙasa-ƙasa.

"Ba takalmin ne ya fi ba ni haushi ba, Malam. Na ɗauka na yi ƙoƙari. Na cika takarda gaba da baya. Sai na ga ashe shirme ne, har an yanka shi ana wasa da shi."

Ya girgiza kai da ƙarfi. "Ba shirme. Naki... ya fi. Shi ya sa."

Ta ɗago ta dube shi, ko da gaske yake.

"Malam, ka ga gidanmu. In kana magana ka tsaya jan numfashi, wani ya ƙwace. Shi ya sa nake zubo komai lokaci ɗaya, kafin a katse ni. In na riƙe biro ma haka nake ji, kamar wani zai ƙwace."

Ya daɗe yana neman amsar. Ta jira shi, ba ta ƙarasa masa ba, abin da manya da yawa suka kasa yi tun da ya kwanta.

"Takarda," ya ce, "ba ta ƙwacewa. Tana... jira. Faɗi ɗaya. Ki gama. Sannan... wani." Ya nuna kwandon da ke ƙarƙashin teburin guga, inda ƙananan kawunan 'yan kyanwa ke motsi. "Su ma. Ina so in ji. Sakin layi... nasu daban."

Ta yi 'yar dariya tana share ido da bayan hannu.

Ran Litinin ta dawo, ta zauna ba ta kalli kowa ba. Malam ya shigo da sababbin kwalaye, ya rubuta a allo: Wannan nawa ne. Ya kwana biyu yana rubuta shi da hagu, kuma bai gyara jerin ba, yadda ya zo masa haka ya bar shi. Yara suka fito suka karɓa, aka fara karantawa. Ɗaya na cewa: na ce cokali alhali alli nake nufi. Ɗaya na cewa: ƙafata tana rawa tun daga bakin ƙofa. Wani: na maimaita gaisuwata a gaban madubi. Wani kuma: ranar da na dawo aji na ji tsoro fiye da ranar da aka kai ni asibiti.

Waɗanda suka yi dariya ran farko suka sunkuyar da kai. Malam ya buga sanda, ya nuna allo, alamar aiki ya ba su, ba jaje ya zo karɓa ba.

Suka jera shi, a hankali wannan karon. Aka sa tsoron a farko, madubi ya biyo, sannan ƙofa, sannan cokali. Saura kwali ɗaya, wanda ke cewa: matata ta iya ɗinki ƙwarai. Lauya ya karkata kai ya dube shi.

"Malam, da girmanka da komai, wannan kyanwa ce."

Dariyar da aka yi ran nan daban take da ta farko, har da Aku a ciki. Daga ranar duk jimlar da ta shigo sakin layin da ba nata ba, sunanta kyanwa a ajin. Sai ka ji yaro ya miƙa wa na kusa da shi littafi yana cewa, "Duba min, ko akwai kyanwa."

Haka aka ci gaba. Ba kullum ake cin nasara ba. Akwai ranar da aka yi ta fama da kalmomin haɗi, irin su amma da saboda haka da bayan wannan, yara suka riƙa cusa su ko'ina kamar gishiri, har wani ya fara kowace jimla da saboda haka. Akwai ranar da Malam ya gaji, ya zauna kawai yana kallonsu. Amma kwalaye sun ragu, rubutu ya ƙaru. Kafin a rubuta komai, kowa sai ya faɗa wa maƙwabcinsa a jimla ɗaya abin da yake son cewa. In ya kasa, to bai shirya ba. Aku ta kawo labarin kyanwar, layi shida, da aya a inda ya dace. Wannan karon ya tambaye ta da ido, ta ɗaga kai, sannan aka karanta wa aji.

Sufeto ya zo ba sanarwa, wata Laraba. Siririn mutum ne mai tabarau, irin waɗanda fuskarsu ba ta nuna komai. Ya zauna a bayan aji ya ɗora ƙafa kan ƙafa, Shugaba tana tsaye a bakin taga.

Malam ya miƙe zai yi gaisuwa. Ya buɗe baki, babu abin da ya fito. Ya sake gwadawa, harshen ya zama kamar ba nasa ba. Likita ya taɓa gaya masa fargaba na iya kulle shi gaba ɗaya, yau ga shi. Ya ga sufeto ya sunkuya yana rubutu. Ya ga Shugaba ta kawar da kai.

"Malam," in ji Aku, kamar ba abin da ya faru, "mu ci gaba da na jiya?"

Ya ɗaga kai. Nan take aka yi musayar littattafai, aji ya ɗauki ƙus-ƙus irin na masu aiki. Lauya ya fito ya kwafe sakin layin wani a allo, aka hau shi da gyara. Malam ya samu ya zauna, yana buga sanda in an dace, yana nuna layi da tsininta in an kauce.

"Akwai kyanwa a layi na huɗu," in ji wani.

Sufeto ya ɗago. "Akwai me?"

Aka yi masa bayani, baki uku lokaci ɗaya. Bai yi dariya ba. Ya taso ya zo gaba ya karɓi allin.

"Wannan kun saba da shi, wataƙila ma an shirya ku. Ga nawa." Ya rubuta tambaya, ko ya dace ɗalibi ya zo makaranta da waya. "Sakin layi ɗaya. Kowa nasa."

Ya riƙa zagayawa tsakanin benci yana leƙawa. Da suka gama ya zaɓi littattafai da kansa, yawanci daga bayan aji, ya tsaya a bakin taga yana karantawa. Ya kira mai jin kunyar nan, ya tambaye ta me ya sa ta fara da wannan jimlar.

"Ita ce uwar, ranka ya daɗe," ta ce. "Sauran duk ita suke wa aiki."

A ofishin Shugaba, sufeto ya cire tabarau ya goge.

"Malam, ba zan rubuta abin da ban gani ba. Ba za ka iya koyar da furuci ba, ba za ka iya karanta wa aji littafi ba. Cikakken jadawali ya fi ƙarfinka yanzu. Nahawun yaran nan kuma har yanzu da sauran aiki, kuskure ko'ina."

Malam ya ƙura wa sandarsa ido.

"Amma na zagaya makarantu da yawa a zangon nan, ban ga ajin da yaro ke sanin abin da zai faɗa kafin ya faɗa kamar wannan ba. Zan ba da shawara a bar maka darasin rubutu kaɗai, a manyan azuzuwa. Sauran a ba wani. In ka yarda."

Darasin karanta littafi shi ne abin da Malam ya fi so a duniya. A nan yake kwaikwayon muryoyi, a nan yara ke riƙe ciki. Ya san tun tuni ya tafi, amma yau ne aka faɗa masa a fili. Da ya zo amsawa, bakin ya sake shi daidai lokacin.

"Na yarda. Na gode."

Da ya koma gida ya ba Mama Tela labari, guntu-guntu, tana haɗawa. Ta ce rabin aiki ai ya fi zaman gida, don ita ma ta gaji da ganinsa yana ƙirga mata kuskuren ɗinki da ido. Sannan ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba, da ta fito idonta ya yi ja, ta ce zare ne ya shiga.

Jarrabawa ta zo ta wuce. Da sakamako ya fito, fiye da rabin ajin ƙarshen baranda sun ci Turanci, abin da ba a saba gani ba. Aku ta ci da kyau, ta zo har gida ta faɗa masa, ta kwashe rabin awa tana magana ba ta bar kowa ya sa baki ba. Wasu sun faɗi, kuma cikinsu har da Lauya.

Ran wata Asabar da safe aka yi sallama a ƙofa. Mama Tela ta leƙa ta dawo ta ce wani dogo ne, ya ce shi ɗalibi ne. Lauya ya shigo yana sosa ƙeya, ya durƙusa ya gaida su, ya ƙi zama a kujera sai a bakin tabarma.

"Me... ya faru?" in ji Malam.

"Malam, tambayar ce ba a tsara ta daidai ba. Sun ce a goyi baya ko a ƙi, alhali duka ɓangarorin da gyara. Sai na tsaya na yi musu bayani."

"Shafi nawa?"

"Biyu." Ya sunkuyar da kai. "Amma wallahi a tsare suke, Malam. Lokaci ne ya ƙare kafin in fara amsar."

Malam ya yi dariya har sai da tari ya sarƙe shi, Mama Tela ta miƙo ruwa. Lauya ya jira ya lafa, sannan ya ce ya sake yin rajista, zai zana jarrabawa ta gaba, ko Malam zai riƙa duba masa ran Asabar in ba takura.

Malam ya nuna masa ɗan teburin da ke jingine da bango. Yaron ya jawo shi inuwa, ya ciro biro daga aljihu.

"Yau," in ji Malam, "za ka... goyi baya."

"Bayan me?"

"Duk abin da... na ce."

Lauya ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi Malam, ya rufe. Ya gyara zama ya buɗe sabon shafi.